Ƙwayar Yaya Ɗan'azumi da Mutanen Rumfa

Boukoki, Yamai.

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa take yi wa yayarta, ina fatan wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Alhaji Abdoulkarim da yara da jikoki, da duk wanda yake ci a tukunyarki can Abidjan. Allah ya ƙara miki lafiyar gwiwa, ya sa albarka a kasuwarki, ya tsare ku da abin ƙi dare da rana. Mu nan sai godiya. Zafin bana ya gasa mu yadda ya saba, wutar lantarki kuma ta yi ta wasan ɓuya da mu, amma yanzu ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, sauro ne kawai ya zo karɓar nasa rabon. Maigidana Abdulrazak yana nan yana fama da tasinsa, wadda ta fi son a tura ta da a tuƙa ta. Inna Fatuma tana can Lazaret, ido ya yi rauni amma baki yana nan da kaifinsa, ranar Juma'ar da ta wuce sai da ta tambaye ni ko Abidjan ɗin a bayan duniya take da har yanzu ba ki zo ba. Na ce mata kina tafe, Allah ya yafe mini in ƙarya na yi.

Na san za ki ce me ya hana ni aiko miki da murya ta waya kamar kullum. Labarin nan na Yaya Ɗan'azumi ne, ya fi ƙarfin murya, kuma na san halin gidanku, da kin danna kowa zai kasa kunne. Yaya Ɗan'azumi kuwa dattijo ne yanzu, bai kamata jikoki su yi masa dariya ba, ni da ke mun isa. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Harouna direba ya kawo miki hannu da hannu. An gaya mini kin ji cewa ƙanen naki ba shi da lafiya, har kin ce ko dai ki ɗauro kaya ki taho, ko a saka shi a mota a kai miki shi. Ki ajiye kayan tukuna, ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki yanke shawara.

Sai na fara miki da wurin da nake aiki, don bayan tafiyarki aka yi shi. Kin tuna filin juji da ke bayan rumfunan masu narka sanholo, inda Baba ya yi aiki, inda ake narka tsofaffin gwangwanaye a zuba tukwane da ludaya? To, wannan filin da muke toshe hanci in za mu wuce, yanzu makaranta ce da ɗakin shan magani. Wata ƙungiyar taimako ce ta gina, ta tsofaffin malamai da ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya, da wasu ƴan kasuwa mutanen Maradi da Damagaram da Tawa waɗanda Allah ya hore musu. Ba gini ne na a zo a gani ba, azuzuwa ne ƴan kaɗan da rufin kwano, da ɗakin magani, da famfo, da makewayi a can ƙurya. Amma yaran da a da suke yawo ƙafa ba takalmi cikin tarkacen ƙarfe suna tsintar gwangwani, yanzu da safe za ki ji su suna rera karatu har sautin ya danne ƙarar guduma. Ƴaƴan masu walda, da na masu yin murhu da tsohuwar ganga, da na masu zubin tukunya, duk suna ciki, ba a karɓar ko sisi. Da rana a ba su abinci, ni ce kuma uwar tukunya. Manyan tukwanen da nake girki da su ma Yaya Ɗan'azumi ne ya zuba su da hannunsa ya kawo kyauta, babbar cikinsu sai an kama mini kafin na sauke ta.

Mata biyu ne suke riƙe da wurin. Akwai Madam Nafissa shugabar makaranta, tsohuwar malama ce, ba ta riƙe bulala, amma in ta zare tabarau ta kalle ki, ko ke da kike da jikoki sai kin gyara zama. Ita ce ta bi rumfa-rumfa tana roƙon iyaye su ba da ƴaƴansu, har Hadiyya ta Yaya Ɗan'azumi, wadda yanzu take gyara wa ubanta Faransanci in ya yi kuskure gaban mai saye. Sai kuma Hafsa, wadda muke ce wa majo, ita ce mai ɗakin magani. Kullum daga Kirkissoye take tsallako gada a kan ɗan babur ɗinta. Ƙuna ce, tsinken ƙarfe ne ya shiga ido, tari ne na hayaƙi, awon ciki ne, awon jarirai ne, duk ita ce. Yarinya ce a kanmu, amma tana da haƙurin tsofaffi, kuma ba ta taɓa yamutsa fuska don majiyyaci ya shigo da baƙin gawayi a jiki ba.

To, ga yadda abin ya faro. Tun kafin azumi Yaya ya fara kukan ciwon kai, ƙeya tana yi masa nauyi, wani lokaci idonsa ya yi duhu in ya ɗago daga bakin wuta. Matarsa Khadija ta gaya mini, ni kuma na tsare shi da tsiya irin ta auta har ya yarda ya shiga wurin majo, yana cewa don dai in bar masa kunnensa ya huta ne. Ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta hura, ta duba, ta sake hurawa. Ta ce hawan jini ne, abin da mutanen nan suke ce wa tansiyo, kuma ya hau sosai. Yaya Zinariya, ba sai na gaya miki abin da ya faɗo mini a rai ba. Baba na tuna, ranar da ya faɗi a wannan rumfar da awartaki a hannu, baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu, ya yi shekaru a kan tabarma ke ce mai juya shi. Wannan shi ne tsorona tun daga ranar, kada ɗan ya bi sawun uban. Majo ta ba shi ƴan ƙwayoyi farare na wata guda, ta ce ɗaya kowace safiya, ya rage gishiri, in wata ya cika ya dawo. Ta kuma gaya masa kada ya tsorata in ya ga yana yawan zagayawa, aikin maganin ke nan, yana rage ruwa a jiki.

Wata ya cika ya koma, ta auna, jini yana nan inda ta bar shi. Ta tambaye shi ko maganin ya ƙare, ya ce ya ƙare ƙaf, ko ɓarɓashi bai rage ba. Ta yaba masa, ta sake ba shi. Wani watan ma haka, har ma ya ɗan ƙaru. Majo ta shiga damuwa, ta fara maganar ko za ta tura shi babban asibiti a sake dubawa. Ni kuma na koma na tsare Khadija a kan gishiri da dunƙulen miya, baiwar Allah ta rantse mini cewa miyar gidansu yanzu ko akuya ba za ta lasa ba don salam. Na rasa inda matsalar take. Addu'a dai ba wadda ban yi ba.

Ana cikin haka sai wani abu ya fara ba ni mamaki. Kin san madafata tana kallon makewayin makaranta, kuma ƙungiya ta yarda mutanen rumfuna su riƙa amfani da shi, don babu wani a kusa. Duk farkon wata, da hantsi ya yi, sai in ga mutanen rumfar Yaya suna tahowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da butarsa, suna sauri irin na wanda ba ya son a ce yana sauri. Wannan ya fito, wancan ya shiga, na farkon ya sake dawowa. Manya-manyan magidanta masu furfura, sun yi layi suna kallon sama kamar masu neman jinjirin wata. Har Madam Nafissa ta zo ta same ni tana cewa yaranta sun fito hutun tsakar safiya sun rasa wurin shiga, wai ko wani abu nake ba mutanen nan a ɓoye. Na ce mata ni ban haɗa komai da su ba, mai furarsu za a tambaya. Amma bayan ƴan kwanaki sai layin ya ɓace, sai kuma wani farkon watan. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, amma wallahi ko kusa hankalina bai kai ga gaskiyar ba.

Gaskiyar ta fito ne ranar da aka shigo da Maman ranga-ranga. Ba lalle ki san shi ba, wani siriri ne mutumin Tasawa, shi ne mai juya ƙafar keken da ke hura musu wuta. Ya miƙe tsaye ke nan jiri ya ɗebe shi, saura ƙiris ya faɗa kan narkakken sanholo, Allah ya sa aka riƙo rigarsa. Majo ta auna shi ta ga jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ta tambaye shi abin da ya ci da abin da ya sha. Ya lissafa mata koko da ƙosai da shayi, sannan kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, ya ce sai kuma rabin ƙwayar Ɗan'azumi, irin wadda kowa yake samu da safe. Ina tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu na ji wannan magana. Majo ta zauna a kan kujera, ni kuwa na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Ke kin fi ni sanin dokar rumfar nan, tun zamanin su Baba take. Abin da duk ya shigo rumfa na kowa ne. In tsire ne tsinke ɗaya, sai an zare shi yanka-yanka ya zagaya. In masa ce guda biyu, sai an gutsuttsura. Ba mai kai abu baki wani yana kallo, wanda ya yi haka kuwa sunansa ya ɓaci har ƴaƴansa. Ashe da Yaya ya fara shan maganin ya ji kansa ya yi sakayau, sai amininsa Ousmane, wanda suka taso tare tun suna ƴan hura wuta, ya yi kukan nasa kan yana sarawa. Yaya ya ɓalla masa rabi. Na kusa da shi ya ce shi ma bayansa yana ciwo. Kafin a ce haka, abin ya zama al'ada. Kowace safiya in an ɗora shayi sai ya shimfiɗa ƙwayoyin a kan murfin tukunya, ya sa ƴar wuƙarsa ya raba su biyu-biyu daidai wa daida, ya bi kowa da nasa. Maganin wata guda ya ƙare cikin ƴan kwanaki, sauran watan kuma ya zauna haka nan, don kunyar komawa wurin majo kafin ranar da ta sa masa. Shi a ganinsa bai yi ƙarya ba, an tambaye shi ko ya ƙare, kuma ya ƙare.

Majo ta aika aka kira Yaya. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, hula a hannu, ta yi masa bayani cikin ladabi, Baba sama Baba ƙasa. Ta ce maganin nan nasa ne shi kaɗai, an auna shi ne da jikinsa, yana iya kashe wanda ba ya bukatarsa, rashin sa kuma yana iya kashe shi. Ya saurara har ta gama, ya yi baƙin cikin abin da ya sami Maman ƙwarai, ya ce ba zai ƙara ba kowa ba. Har na fara hamdala, sai ya tura mata kwalin gabanta ya ce to ta riƙe abinta, shi ma ya haƙura. Ya ce maganin nan sadaka ce bayin Allah suka kawo wa talakawa, da wane ido zai zauna tsakiyar talakawa ƴan'uwansa ya haɗiye sadaka shi ɗaya? Majo ta ce to ya sha a gida kafin ya fito. Ya ce wannan ya fi muni, abin da ka ɓoye wa abokan cin kwanonka ka ci a bayan ƙofa sunansa rowa, ko ba su gani ba shi ya gani. Ya kawo mana karin maganar da Baba yake yawan faɗi, cewa kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Ya sa hularsa, ya yi godiya, ya koma bakin aiki.

Ranar na ji haushin Yaya irin wanda ban taɓa ji ba. Na bi shi gida da yamma na ce masa duk abin da ya zo bakina, wanda ya dace da wanda bai dace ƙanwa ta gaya wa yayanta ba. Na ce masa ai Baba bai taɓa ci shi kaɗai ba, amma da ya kwanta shi kaɗai ya kwanta. Na ce ya dubi Hadiyya da ta fara ganin haske a karatu, wa zai tsaya mata in ya faɗi? Ya bar ni na gama, ya ce Balki ke nan, tun kina goye bakinki ya riga ƙafarki tafiya. Dariya ma ya yi. Amma ina kallonsa yana murza yatsun hannunsa na hagu, da na tambaya ya ce ba komai, ɗan sanyi ne suke yi masa kwana biyu. Na fito na bar gidan. A lokacin ne Khadija ta kira ki, shi ya sa labarin ya iso miki da zafinsa.

Washegari na je wa majo da shawarwarina, kin san ni ba na rasa su. Na ce a daka ƙwayar a riƙa zuba masa a koko bai sani ba. Ta ce ai kokon ma rabawa zai yi, mu koma gidan jiya. Na ce to a kai ƙararsa wurin liman. Ta ce ba laifi ya yi ba da za a kai shi ƙara, mutum ne da ya ƙi cin amanar abokansa yadda ya fahimce ta, kuma ba za ta so ta warkar da jininsa ta karya masa mutunci ba. Ta ce tunda shi ba zai sha shi kaɗai ba, ita za ta je ta ga ko shi kaɗai ne yake bukata. Ta shiga ofishin Madam Nafissa suka ƙulla abin da suka ƙulla.

Ranar Asabar da ba karatu, aka kwaso bencunan ƴan aji ɗaya aka jera a gaban rumfa, aka jingina allo a jikin tsohuwar ganga. Da kin ga abin da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Ƙarti masu damatsa kamar turmi sun zauna a bencin ƴan shekara shida, gwiwa ta kai haɓa. Madam Nafissa ta tsaya a gefe ta zare tabarau, kowa ya gyara zama, har wani ya ɗaga hannu kafin ya yi tari. Majo ta zana musu jijiya a allo, ta ce su da suke aikin wuta sun san in aka matsa wa tukunyar narki da zuga fiye da ƙarfinta tsagewa take yi, wadda kuma wutarta take daidai in aka janye mata gawayi aikin ya daskare. Suka gyaɗa kai, wannan kam sun gane. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya da abin awo, har da mutanen rumfunan maƙwabta da suka ji labari suka taho. Ashe kuwa ba Yaya kaɗai ba ne, an sami wasu da dama jininsu ya hau ba su sani ba, har da wani matashi mai walda da ba wanda zai zata. Kowa ta ba shi nasa daidai jikinsa, wani ma ba irin na Yaya ba. Abin dariyar shi ne waɗanda aka samu da ciwon sai wani ɗaga kafaɗa suke yi kamar an naɗa su sarauta, masu lafiya kuma suka ɓata rai. Maman har da cewa a sake auna shi a ɗaya hannun, wai wannan ɗin ya gaji ne.

Yaya ya karɓi kwalinsa a ranar, tunda yanzu yana da abokan sha. Na ce alhamdu lillahi, amma zuciyata ba ta kwanta ba, saboda abu ɗaya. Ousmane lafiyarsa lau, majo ta ce jininsa kamar na saurayi, ciwon kansa na rana ne da rashin shan ruwa. Shi kuwa Ousmane shi ne yake zama dama da Yaya, gwiwa da gwiwa, tun kafin a haifi ƴaƴansu. Ban taɓa jin ranar da ɗayansu ya kai abu baki bai miƙa wa ɗayan ba. Don haka ranar Litinin da sassafe na dama kunu na ɗauka na nufi rumfa, wai na kawo musu ne don Allah. Ke kin san ba kunun ne ya kai ni ba.

Na iske an ɗora shayi, masu magani kowa ya fito da nasa. Yaya ya ɓallo ƙwayarsa guda ya ɗora a tafin hannu. Ina kallonsa, ya dubi ƙwayar, ya dubi Ousmane. Ban ce da gangan ya yi ba, hannu ne da ya saba, sai ga shi ya sa farce ya raba ta biyu, ya miƙa rabin. Kowa ya zuba musu ido, har mai juya keken ya tsaya. Kin san a wurinsu mayar da hannun mutum ba ƙaramin abu ba ne, an sha ɓata zumuncin shekaru a kan abin da bai kai haka ba. Ousmane ya dubi hannun nan, sai ya mayar da nasa hannuwan biyu baya ya harɗe su. Ya ce tun suna yara yake ci daga wannan hannun, bai taɓa mayar da shi ba, kuma don yana so ya ci gaba da ci daga gare shi ne yau zai mayar. Ya ce yana cikin waɗanda suka ɗauki Baba daga ƙasan rumfar nan suka kai shi gida, har yau yana jin nauyinsa a kafaɗa, ba kuma zai ɗauki ɗansa ba. Sannan ya juya ga mai shayi ya ce kada ya tsiyaya wa kowa ko ɗigo sai rabi biyun nan sun wuce maƙogwaro ɗaya.

Yaya ya daɗe da hannu a miƙe. Fuskarsa ta canza, na ɗauka fushi zai yi ya tashi. Shayi yana ta tafasa yana zuba a kan gawayi ba mai sauke shi. Can sai ya janye hannun a hankali, ya haɗa rabi da rabi ya watsa a baki, ya kora da kununa. Idonsa ya ciko, ya ce hayaƙi ne, kowa ya yarda hayaƙi ne. Sai ya laluba aljihu ya ciro goro guda fari, wanda majo ta hana shi ci amma bai daina saye ba. Bai ɓare shi ba, ya miƙa wa Ousmane shi sukutum. Ousmane ya kwance hannuwansa ya karɓa da duka biyun. Ni dai ba hayaƙi ba ne ya same ni, kuka na yi sosai a gaban maza, ban kuma ji kunya ba.

Tun daga ranar dokar rumfa ta sami ƙari. Ba a tsiyaya shayin safe sai masu magani sun haɗiye nasu a gaban kowa, Ousmane ne kuma mai tsaro, har baki yake sa su buɗe. Wanda ya manta nasa a gida komawa yake yi ya ɗauko, sauran suna jiransa suna yi masa tsiya. Da wata ya cika na raka Yaya awo da kaina. Majo ta hura, ta duba, ta sake dubawa, sai ta juyo mini da abin don in gani, ni da ban san kansa ba. Ta ce jini ya sauka, ya kusa daidai, yatsun ma sun daina sanyi. Ta ce maganin nan shi da shi ne har iyakar rai, kada mu saki jiki, amma in ya ci gaba haka ba abin tsoro. Madam Nafissa ma ta ce a gaya wa mutanen rumfa ta gode, yaranta sun sami makewayinsu.

Don haka, Yaya, ki kwance kayanki, ki zo lokacin da kika shirya, zuwan zumunci ba na jinya ba. Na kuma ji kin ce za ki aiko masa da wasu kwalaben maganin ƙarfin jiki da ake yayi a can. Don girman Allah kada ki aiko, kin dai ji halin mutumin, ba na so in sake ganin layi a gaban madafata. In kina son ki faranta masa, ki aiko da abin da ake rabawa. Ki ba Harouna goro mai kyau irin na wajenku, wanda zai zagaya rumfa kowa ya samu. Ki ware manya-manyan a ƙunshi daban ki ce na Ousmane ne, ko da yake na san kafin azahar ya rabar da su.

Ki gaishe mini da Alhaji Abdoulkarim da kyau, ki ce muna godiya da addu'a. Ki gaishe da Halimatou da maigidanta da ɗan jaririnsu, Allah ya raya shi, da Abdulhakim, ki ce masa innarsa Balki tana nan tana jiran ranar da zai tuna da lambarta. Inna Fatuma tana gaishe ki, Khadija da Hadiyya suna gaishe ki, Abdulrazak ma haka. Yaya Ɗan'azumi ya ce in gaya miki lafiyarsa ƙalau, wai ni ce mai zuzuta magana. Allah ya bar mu tare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Balki